Ferruccio Lamborghini: Bakaniken Da Wahalar Gyaran Mota Ta Sa Ya Ƙera Tasa

A bayan gidanmu na gado da ke Kahu, cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya, akwai wata rumfar kwano da na sa aka kafa shekarun baya domin ajiye wata tsohuwar mota. Mota ce ƙirar Jamus ta shekarun 1970, mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin masu kwanciya a ƙasa ɗin nan da aka ƙera domin gudu da ƙawa. Na saye ta a Kano daga hannun magadan wani dattijo, kuma ranar da na biya kuɗin ko ƙarƙashinta ban leƙa ba, saboda fentinta ya riga ya tafi da hankalina. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira sayen biri a sama. Daga ranar zuwa yau, kwanakin da ta yi a kan titi ba su kai rabin waɗanda ta yi a ɗage a kan jak ba, laifin kuwa ba na kowa ba ne sai nawa.

Ba nisa da garin, a gefen hanyar da muke bi zuwa Rano, akwai wata tarakta da ta yi shekara da shekaru a tsaye, tayoyinta sun nutse a ƙasa, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Ban taɓa haɗa ta da motata a zuciya ba sai ranar da dattijon bakaniken da ke duba mini motar ya nuna mini ita, ya shaida mini cewa ciwonsu ɗaya ne, domin dukansu an saye su ba tare da an tanadi wanda zai kula da su ko kuɗin kulawar ba. Maganar ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta mayar da ni ga tarihin wani mutumin Italiya wanda rayuwarsa kakaf ta gudana tsakanin waɗannan injuna biyu, wato tarakta da motar gudu. Sunansa Ferruccio Lamborghini. Da yawa daga cikinmu mun san sunan a jikin motocin da 'ya'yan masu hali ke fantamawa da su a Abuja da Legas da Dubai, amma ƙalilan ne suka san cewa mai sunan ɗan manomi ne, bakanike ne, kuma da tarakta ya yi arzikinsa.

An haife shi ranar 28 ga Afrilu, 1916, a ƙauyen Renazzo, kusa da garin Cento a arewacin Italiya. Iyayensa manoman inabi ne, shi ne kuma babban ɗansu, saboda haka abin da kowa ke sa rai shi ne ya gaji gonar. Sai dai tun yana yaro hankalinsa ya fi karkata ga kayan aikin gonar fiye da gonar kanta, har dai aka haƙura aka sa shi a makarantar koyon aikin injuna. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin makarantar sana'a ce irin wadda mu a nan muke tura yaron da muke ganin ba shi da ƙoƙari a aji. Daga can ya fara, da sifana a hannu da baƙin mai a riga.

A 1940, da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, aka ɗauke shi a rundunar sojan sama, aka tura shi tsibirin Rodos, wanda a lokacin yake hannun Italiya, yau kuma yake cikin ƙasar Girka, daura da gaɓar Turkiyya. Aikinsa a can gyaran motocin soja ne, har ya kai ga zama shugaban sashen. Tsibiri a lokacin yaƙi ba wuri ba ne da ake samun sababbin kayan gyara a duk lokacin da aka buƙata, don haka dole ya koyi yadda ake cire wani abu daga matacciyar mota a raya wata da shi, da yadda ake ƙirƙirar abin da babu. Duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawanmu na Kano ya ga irin wannan ilmi da idonsa, ko da bai ɗauke shi a matsayin ilmi ba. A 1945 tsibirin ya koma hannun sojojin Ingila, suka tsare shi, bai samu komawa gida ba sai 1946.

Komawar ba ta zo masa da sauƙi ba. Matarsa ta farko ta rasu a 1947 wajen haihuwar ɗansu Tonino. Ya buɗe ɗan gareji a Pieve di Cento, a cikin ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, inda manoma ba su da injunan noma, alhali ga tarin motocin soja nan da aka bari ana gwanjonsu. Ɗan manomin ya ga abin da wasu ba su gani ba. Ya riƙa sayen waɗannan gwanjo, yana ɗaukar injin babbar motar Morris ta Ingila mai silinda 6 yana harhaɗa tarakta da shi, ya kuma ba ta suna Carioca. Da yake fetur na da tsada ƙwarai, sai ya yi wa injin wata dabara yadda za a tayar da shi da fetur, in ya ɗauki zafi a juya shi ya koma shan mai mai araha. Wannan dabara ce ta mutumin da ya san cewa manomi ba kuɗin sayen inji kaɗai yake lissafawa ba, har da abin da injin zai riƙa ci masa kullum. A 1948 ya kafa kamfanin Lamborghini Trattori.

Gwamnati ma ta taka tata rawar. A 1952 Italiya ta yi wata doka da ake kira da sunan ministan gona na lokacin, Amintore Fanfani, wadda ta tanadi rance mai sauƙi ga manomin da zai sayi injin noma ƙirar gida. Kuɗin gwamnati ya bi ta hannun manomi ya isa ga maƙerin cikin ƙasa, maƙerin kuma yana kusa da gonar, in abu ya lalace akwai wanda za a tambaya. Cikin shekaru kaɗan ƙaramin garejin ya zama ɗaya daga cikin manyan masana'antun tarakta a Italiya. A wajen 1959 ya ƙara da masana'antar na'urorin ɗumama gidaje, daga baya har da na sanyaya ɗaki.

Sha'awar gudu kuwa ta daɗe a jikinsa. Tun yana ƙaramin bakanike ya sayi wata 'yar mota Fiat Topolino, ya ƙara wa injinta girma da hannunsa, ya shiga da ita shahararren tseren Mille Miglia na 1948, wanda ake yi a kan titunan jama'a na tsawon kimanin mil 1,000. Bai kai ƙarshe ba, domin motar ta ƙwace masa ta daki wani gini a bakin hanya. Ya fita da ransa, amma daga ranar tsere ya fita daga ransa, kuma wannan ƙiyayya ta bi shi har lokacin da ya mallaki kamfanin mota nasa na kansa, inda ya ƙi yarda a zuba kuɗin kamfanin a gasar tsere.

Da arziki ya zauna, sai ya yi abin da attajiranmu ke yi, wato tara motoci. Ya mallaki Alfa Romeo da Lancia, ya sayi Mercedes-Benz 300SL da Jaguar E-Type da Maserati 3500 GT. A 1958 ya je garin Maranello ya sayi Ferrari 250 GT, daga baya ya ƙara wasu. A nan ne labarin ya juya. Kamar yadda shi kansa ya sha bayar da labari daga baya, motocin suna da gudu amma kulocinsu ba ya jure wahala. Kuloci, ga wanda bai saba da kayan mota ba, shi ne faifan da ke haɗa ƙarfin inji da akwatin giya ya kuma raba su idan direba ya taka, kuma a mota mai ƙarfin inji shi ne ke fara ƙonewa idan bai kai nauyin aikin ba. Kullum sai ya mayar da motar Maranello, a shige da ita ciki a ɓoye masa abin da ake yi, a dawo masa da ita, ba da jimawa ba ciwon ya dawo. Bakanike ne aka hana shi ganin cikin motar da ya saya da kuɗinsa.

A ruwayar tasa, da abin ya ishe shi sai ya kai kukansa ga mai kamfanin, Enzo Ferrari, wanda ya sallame shi da maganar da ke nuna cewa mai ƙera tarakta ba shi da ta cewa a harkar irin waɗannan motoci. Raina kama ka ga gayya. Lamborghini ya koma masana'antarsa, ya sa aka kwance motar a gabansa, ya sa mata kuloci mai ƙarfi, ya yi wa injin gyare-gyare, ta kuma daina ba shi matsala. A cikin wannan kwance-kwance ya fahimci wani abu da ya fi gyaran muhimmanci, wato cewa da yawa daga cikin kayan da ke cikin motar alfarma ba su da wani bambanci da kayan da ya saba da su, sunan da ke jiki ne ke ninka farashinsu. Ɗan kasuwa ne, nan take ya ga inda riba take.

A nan nake so mu tsaya mu dubi kanmu. Idan ɗayanmu ya sayi mota mai tsada ta ba shi haushi, ko dillali ya wulakanta shi, iyakar fansar da zai iya ɗauka ita ce ya sayar da ita ya sayi ta wani kamfanin, wato ya sauya ubangida. Ba mu da wata hanya, saboda ba mu san abin da ke ƙarƙashin bonet ba, kuma mun ɗauki rashin sanin a matsayin alamar girma. Abin da ya ba Lamborghini damar mayar da martani shi ne shekarun da ya yi a kwance ƙarƙashin motocin soja a Rodos. Kuɗinsa sun taimaka, amma attajiran da suka sayi Ferrari a waɗancan shekaru suna da yawa, kuma a cikinsu ba kowa ne zai iya kwance ta ya mayar ba.

A 1963 ya kafa Automobili Lamborghini a garin Sant'Agata Bolognese, tazarar da ba ta kai kilomita 50 ba daga Maranello. Ya san iyakar iliminsa, don haka ya nemo waɗanda suka fi shi. Giotto Bizzarrini, wanda ya bar Ferrari a 1961, shi ya zana masa inji mai silinda 12. Ya ɗauki matasan injiniyoyi biyu, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani, dukansu ba su kai shekara 30 ba, da wani ɗan ƙasar New Zealand mai suna Bob Wallace wanda aikinsa gwada motocin a kan hanya. A ƙarshen 1963 aka nuna samfurin farko a bikin baje kolin motoci na Turin, a 1964 kuma aka fara sayar da 350 GT, wadda aka ƙera guda 120 kacal. Tambarin kamfanin bijimin sa ne. Abin da yake so shi ne mota mai gudu wadda kuma mutum zai yi doguwar tafiya a cikinta ba tare da ƙara ta kurumtar da shi ko ta tsaya masa a daji ba.

Motar da ta ɗaukaka sunansa a duniya kuwa ba daga tunaninsa ta fito ba. Matasan injiniyoyinsa ne suka riƙa aikinta bayan an tashi daga aiki, suka ɗauke injin daga gaba suka kwantar da shi a gicciye a bayan direba, kamar yadda ake yi wa motocin tsere. Ya bar su suka ci gaba. Wani matashi mai suna Marcello Gandini na kamfanin Bertone ya zana mata jiki, aka nuna ta a Jeniba a 1966 da sunan Miura, sunan wani gidan kiwon bijimai na ƙasar Sifen. Tsayinta daga ƙasa bai wuce mita 1 da 'yan kai ba, gudunta ya haura kilomita 260 a awa, kuma daga 1966 zuwa 1973 waɗanda aka ƙera ba su kai 800 ba. Har yau ana lissafa ta cikin motocin da suka sauya fasalin wannan sana'a.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Mutumin da ya shiga ƙera mota saboda wahalar gyara ya wayi gari da motar da ita ma ke wahalar da masu ita. A yawancin Miura, inji da akwatin giya suna shan baƙin mai ɗaya ne, alhali kowannensu da irin man da ya dace da shi, kuma sai a ƙarshen ƙirar aka raba su. Tankin fetur yana gaba, saboda haka idan mai ya yi ƙasa gaban motar kan yi sauƙi ya nemi ɗagawa a tsakiyar gudu. Tana da kafireta 4 ƙirar Weber, wato na'urorin da ke gauraya fetur da iska, kuma daidaita su aiki ne na gwani. Shi kansa Lamborghini ya fi ƙaunar Jarama, wadda ta fito a 1970, mai inji a gaba da natsuwa a hanya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wannan hukunci bai bar ko wanda ya ƙera rariyar ba.

Faɗuwar ta zo ne ta ɓangaren tarakta, inda tushen arzikin yake. A farkon shekarun 1970 dillalinsa na Afirka ta Kudu ya soke odarsa. A Bolibiya kuma, inda aka yi odar dubban taraktoci, sojoji suka yi juyin mulki a 1971, sabuwar gwamnati ta ce ba ta san zancen ba, alhali an riga an ƙera wasu suna jiran jirgi. Ga ma'aikata da doka ba ta ba shi damar sallama ba, ga kaya jibge ba mai saye. Ɗan kwangilar da ya taɓa jiran kuɗinsa bayan an sauya gwamna ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan hali. Kafin ƙarshen 1973 kamfanin taraktar ya koma hannun abokin hamayyarsa SAME. A 1972 ya sayar da kashi 51 cikin 100 na kamfanin motar ga wani ɗan kasuwar Suwizalan, Georges-Henri Rossetti. Rikicin man fetur na 1973 ya kashe kasuwar motoci masu shan mai, a 1974 kuma ya sayar da ragowar kashi 49 ga René Leimer, ya wanke hannunsa yana da shekara 58.

Daga nan ya koma inda ya fito. Ya tare a wata gona mai faɗin kimanin hekta 300 kusa da tafkin Trasimeno a tsakiyar Italiya, ya kama noman inabi irin na mahaifinsa, yana farauta, yana karɓar baƙin da ke zuwa jin labarin motocinsa. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu, 1993, a wani asibiti a Perugia sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 76, aka kuma binne shi a ƙauyensu Renazzo. Kamfanin motar ya durƙushe a 1978. Waɗanda suka tashe shi a farkon shekarun 1980 su ne 'yan gidan Mimran, waɗanda arzikinsu ya fito daga sukari da fulawa a Senegal da Kwaddebuwa, don haka akwai gumin manomin rake na Afirka ta Yamma a tarihin wannan suna. Chrysler ta Amurka ta saye shi a 1987, wasu attajiran Indunusiya suka karɓa a 1994, sannan Audi ta Jamus ta mallake shi a 1998. Har yanzu ana ƙera tarakta mai sunan Lamborghini, amma a wani kamfani dabam.

Abin da ya fi jan hankalina a ƙarshen labarin shi ne yadda motocin da aka ƙera a zamaninsa, fiye da shekara 50 da suka wuce, suke tafiya har yau, farashin wasu kuma ya kai miliyoyin daloli. Ba ƙarfin ƙarfe ne ya raya su ba. A 2015 kamfanin ya buɗe wani sashe mai suna Polo Storico, wanda aikinsa adana takardun kowace tsohuwar mota da samar da kayan gyaranta da sabunta ta yadda take tun asali. Kafin nan ma akwai ƙananan gareji a yankin da suka gaji sana'ar daga tsofaffin ma'aikata. Tsohuwar mota tana rayuwa ne a inda ake da takarda, da kayan gyara, da mutumin da ya san ta, ana kuma biyan mutumin hakkinsa.

Wannan shi ne darasin da motata ta koya mini da tsada, kuma zan faɗe shi ga duk wanda sha'awa irin tawa ke ɗiba. Kafin ka tambayi farashi, ka fara neman bakaniken da ya san irin motar, ka tafi da shi. A ɗaga ta a duba ƙarƙashi, domin tsatsa ta fi lalacewar inji haɗari, tun da ana iya kwance inji a sabunta, amma shasin da ya ruɓe sai dai a yi ta faci, kuma sabon fenti sau da yawa mayafi ne. A gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke takarda. Ka sani duk wani abu na roba da ke jikinta, daga mesar ruwa da ta fetur zuwa robobin birki, shekaru sun riga sun cinye shi ko da motar ba ta yi tafiya ba, zafinmu kuma yana gaggauta mutuwarsa. Lagireton da aka yi domin sanyin Turai yakan gaza a watan Afrilu a Kano. Ƙurar hunturu tana toshe kafireta. Motar da ke kwance a ƙasa ba ta shiri da ramukan hanyoyinmu bayan damina.

Kuskurena mafi girma shi ne zaton cewa ajiye ta a rumfa tattali ne. Ashe tsayuwa ita ke kashe tsohuwar mota, fetur ya lalace a tanki ya zama danƙo, batir ya mutu, birki ya kama, taya ta tsage, ɓeraye su cinye wayoyi. Tana buƙatar a riƙa tayar da ita ana zagayawa da ita, ana sauya mata baƙin mai bisa lokaci ko ba ta yi nisa ba. Sannan ga batun kaya. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tana da kusan komai na motocin da jama'a ke hawa, amma kayan motar da ba a shigo da irinta da yawa ba sai an yi odar su daga waje da kuɗin waje, a jira makonni. Wanda bai ware kuɗin kulawa na kowace shekara ba tun kafin ya saya, to bai shirya mallakar motar ba.

Mai karatu na iya cewa wannan duk damuwar masu abin hannu ce, kuma da a motar gudu zancen ya tsaya da na yarda. Amma halin da ya kwantar da motata shi ne ya kwantar da taraktar hanyar Rano, ita kuwa abinci take nomawa. Ƙasar nan ta taɓa kama hanya. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. A Kano an kafa masana'antar harhaɗa manyan motoci da taraktocin Fiat na Italiya a kan hanyar Zariya, a Bauchi kuma aka kafa ta Steyr. A nan kudancin Kano an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka buɗe noman rani a Kadawa da kewaye. Wato an samar da ruwa, an samar da masana'antar inji. Abin da ba mu gina da ƙarfi ba shi ne abin da ke tsakanin masana'anta da gona, wato gareji mai kayan aiki, da rumbun kayan gyara, da kanikawan da aka horar aka kuma mutunta. Shi ya sa har yau ake bikin sayen sababbin taraktoci, a ɗauki hoto, bayan damina biyu ko uku a same su a jere a tsaye saboda abin da bai kai kuɗin taya ɗaya ba, manomin Kahu kuma ya koma ga shanun huɗarsa.

Ba ina cewa kowane bakanike a Kano Lamborghini ne da aka danne ba. Mutumin ya tashi a yankin da Ferrari da Maserati da Ducati da masu ƙera kafiretar Weber duk suke maƙwabtaka, ga lantarki, ga banki mai ba da rance, ga dokar da ta tura manomi zuwa ƙofarsa. Waɗannan aikin hukuma ne, kuma ya kamata mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu nawa suka ware domin gyara a duk lokacin da suka yi mana alƙawarin saye. Amma akwai kason da yake namu, mu da muka yi boko muke riƙe da ofisoshi. Mu ne muke tsayawa nesa da bakanike kada ya ɓata mana shadda, mu yi ta ja-in-ja a kan ladansa bayan mun biya miliyoyi ga dillali ba tare da neman ragi ba. Mu ne muke rubuta kasafin kuɗin da ke da layin saye ba shi da layin kulawa. Mu ne kuma za mu ji kunya idan ɗanmu ya ce kwalejin fasaha yake so.

Dattijon da ke duba mini mota yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a yankinmu masu iya daidaita kafireta da kunne, idonsa kuma ya fara rauni. Yaran da ke tasowa sun fi sanin motocin da ake jona wa kwamfuta, wannan ma ilmi ne mai kyau, sai dai tsofaffin taraktoci da injunan ban ruwa da ke ƙauyukanmu ba su san kwamfuta ba. Na yi niyyar sayar da motar, daga baya na fasa. Na roƙe shi ya karɓi ɗan ƙanena, wanda ya gama sakandare yana zaune, ya koya masa aikin a kanta, ni kuma in ɗauki nauyin kayan aiki da ladan koyarwa. Mun yi da shi cewa in yaron ya iya tayar da ita ya kai ta Rano ya dawo ba ta tsaya ba, za mu nemi masu taraktar nan mu ji ko za su bari a buɗe ta a ga abin da ya kashe ta. Allah Ya sa mu dace.